Kwalin Ayaba a Ƙarƙashin Katifa

Gadonmu sai da kujera ake hawansa. Wata 'yar kujerar roba ce muka ajiye a gefe, mijina Manase yana ta cewa wata rana zai faɗo daga can sama ya karye, ya rasa abin da zai gaya wa likita. Tsawon ba na katako ba ne. Tabarmi goma sha ɗaya ne da manyan zannuwan ɓawon itace uku a shimfiɗe ƙarƙashin katifa, inda kowace 'yar Tonga take ajiye dukiyarta, ko a tsibiran Ha'apai can gida take ko a nan ƙasar waje a unguwar Mount Druitt. Mace ta leƙa ɗakinki ba sai ta yi tambaya ba, tsawon gado ya gaya mata ko ke wace ce. Ni dai nawa tsawon na aro ne, don ko zare ɗaya a ciki ba nawa ba ne. Duk na Gwaggo Kalolaine ne.

Gwaggo yayar mahaifina ce, wato ita ce fahu a gidanmu. Fahu kuwa ba a ja da ita. In ta shigo gidan 'ya'yan ƙaninta, abin da idonta ya so nata ne, ta ɗauka ta sa a jaka, ku kuma ku yi godiya. Ta taɓa ɗauke mini sabuwar butar shayi ko kwalinta ban yar ba. Ta ɗauke wa Manase rediyo ana tsakiyar wasan ƙwallo. Ita ta raɗa mini suna Lesieli, ita ta riƙe ni shekara huɗu lokacin da uwata ke jinya, kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Ɗaki ɗaya take haya a bayan gidan wani ɗan Labanan, bangon yana tsatsafar da ruwa, shi ya sa ta kawo kayanta wurina. A cikin 'ya'yan ƙannenta tara ni ta zaɓa, kuma na yi fariyar hakan har na gaji.

A can ƙasan tabarmin akwai kie, tabarmar alfarma da ta fi duk sauran daraja. Kakarta ce ta saƙa ta, shekara biyu tana saƙa, laushinta kamar tsohon zane, gefenta da jajayen gashin tsuntsu. A kusurwa ɗaya akwai ɗan gyara da baƙin zare inda ɓera ya taɓa ci. Duk shekara in rana ta fara zafi a watan Nuwamba, Gwaggo takan zo mu fitar da kayan mu shanya, in ta kai kan kie sai ta shafa ta ce, "Wannan ce za ta raka ni. Kada ku kuskura ku naɗe ni a wani abu, in kuka yi zan dawo in ja muku ƙafa."

Bashi hanji ne, in ji masu magana, yana cikin kowa. Nawa dai ya yi wa cikin yawa. Da Baba ya rasu sai da muka kai gawarsa gida a jirgi, muka yanka shanu biyu da aladu bakwai, aka ciyar da gari kwana goma. Kowa ya yaba. Ba wanda ya tambayi katin banki nawa na goge, kuma da an tambaya da na ji haushi. Da ƙura ta lafa, da bashin mota da komai, dala dubu talatin da ɗaya ake bi na. Ni kuwa aikina wanka da ciyar da tsofaffi a gidan kula da su, Manase yana ɗaukar kaya a wani sito na 'ya'yan itace.

Haka na samu kaina gaban Narelle, wata Baturiya mai fara'a a ofishin da ke shirya yarjejeniyar biyan bashi. Ta tattara masu bi na wuri ɗaya, aka tsayar da ruwa, aka yanke mini dala ɗari huɗu da goma duk mako biyu har shekara uku. Ta zana mini kasafi a takarda: haya, wuta, mai, abinci, makarantar 'yan matanmu biyu. Ta ɗora biro kan wani layi ta ce, "Wannan dala hamsin ta coci fa, ko za ki ɗan dakatar?"

Na ce, "A cocinmu da ƙarfi ake karanta sunan kowa da abin da ya bayar."

"To bukukuwa da rasuwa na dangi? Ai ana iya cewa babu."

Na yi dariya kawai. Mutuniyar kirki ce, amma ba ta san a bakinmu kalmar babu ta fi dutse nauyi ba. Ta gargaɗe ni kada in ci sabon bashi, kada kuma biya ya taru mini, don in yarjejeniyar ta rushe duk za su dawo kaina da ruwansu, motar ma a ɗauke. Na sa hannu. Daga ni sai Manase muka sani, ko yayana Sefita da ke Auckland ban gaya wa ba. A gida sai muka sa wa cirewar sunanta: Alhamis albashi ya shigo, Juma'a Narelle ta ci nata, mu kuma mu yi maleji da ragowar. Burodin jiya na rabin kuɗi, ƙashin bayan kaza, shinkafa da safe shinkafa da dare. Amma ranar Lahadi dole tukunyar ganyen gwaza da naman gwangwani ta hau wuta, don baƙi na iya biyowa daga coci.

Wata takwas muna lallaɓawa sai giyar mota ta mutu. Ba mota ba aiki, don ƙarfe shida nake karɓar aiki kuma bas ba ya zuwa wurin. Banki ba zai ba ni ko sisi ba, sunana yana cikin littafin da suke dubawa. A nan shaiɗan ya raɗa mini cewa jingina ai ba rance ba ce, ajiya ce kawai. Akwai wata Fane a Granville da ke karɓar tabarmi a garejin gidanta ta ba da kuɗi, wata uku, ruwa kashi ashirin duk wata. Na zare tabarmi uku na kai mata da niyyar in fanso su kafin kowa ya sani. Gado ya ɗan sauka. Na ce wa Manase ya kawo mini kwalaye daga wurin aiki.

"Kwali kuma? Ƙaura za mu yi?"

"Kai dai kawo."

Da ya ga ina buɗe su ina jerawa ƙarƙashin katifa, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu. Ya ce, "Lesi, kayan fahu fa. Ni ko tsintsiyarta ba na iya tsallakewa."

"To ka tafi aiki a ƙafa, mai tsoron Allah."

Ya durƙusa ya taya ni daidaita kusurwa. Har yau ina jin haushin kaina da na jawo shi ciki, don shi mutum ne da ko canjin dala ɗaya aka yi masa ƙari sai ya koma ya mayar.

Tabarmi ukun ba su dawo ba. Wasu huɗu suka bi su lokacin auren 'yar limamin cocinmu, da aka yanka wa kowane gida ɗari biyar. Zannuwan suka tafi da kuɗin wuta da rajistar mota. Duk abin da ya fita sai kwali ya maye gurbinsa, ina aunawa da tafin hannu don tsawon ya zauna daidai. Kujerar roba tana nan inda take, muna takawa muna hawa kan ƙarya mu kwanta. Sai kuma ciwon baya ya kama Manase, ya yi mako bakwai a kwance, biya uku suka wuce ban yi ba. Wasiƙar Narelle ta zo, cikin ladabi kamar kullum, amma na gane abin da take nufi. Sai na ciro kie na nufi Granville. Fane ta buɗe ta a kan tebur, ta daɗe tana kallo, sannan ta kalle ni.

"Taki ce?"

"Ta gidanmu ce."

"Hmm. Dubu ɗaya da ɗari takwas. Sunanki zan rubuta, ko?"

Ta rubuta sunana cikakke a saman takardar. Na biya Narelle, na biya mai gida, na sayo kaza sukutum guda, muka ci ba wanda ya kalli wani.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Wata Asabar ta Nuwamba da hantsi ina shanya kayan makaranta na hango Gwaggo ta sauko daga bas, da lemarta da jakarta, tana tafe tana hutawa. Na san abin da ya kawo ta. Na yi ta kawo dalili tun daga bakin ƙofa: an ce za a yi ruwa, Manase bayansa ba zai iya ɗaga katifa ba, ga shayi, ga biskit, ko mu bari sai mako mai zuwa.

Ta ce, "Ruwa a ina? Dubi sama kamar an wanke. Ke dai ragguwa ce tun kina yarinya. Mu je."

Ta taka kujera, ta juya ta zauna a bakin gado don ta huce. Kwali ya yi ƙara. Ta ɗan gyara zama, ya sake yi. Ta ƙura wa bango ido, ni kuma ina tsaye da kofin shayi yana ƙona mini yatsu.

"Lesieli, shekarata saba'in da takwas ina kwana kan tabarma. Ban taɓa jin ta yi magana ba."

Ta sauko da kanta, ta sa hannu ta ɗaga gefen katifa. Hoton ayaba ne ya fara gaishe ta, rawaya shar, jere-jere. Tabarmi huɗun da suka rage ne na shimfiɗa a sama don rufin ido. Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta zura hannu har can ƙasa inda kie take kwana, ta shafa katako. Na zube ƙasa na kama ƙafarta, na faɗa mata komai, tun daga shanun Baba har kazar da muka ci. Na so ta mare ni. Wallahi da ta ɗaga lemar nan ta sauke mini a baya da na samu sauƙi.

Ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Shanun da aka yanka wa ƙanena, ashe ke kika saya. Ni na zaci Sefita ne."

"Ya ba da nasa, Gwaggo."

"Ya ba da baki dai. Ina takardar matar?"

Na ciro su daga gwangwanin biskit. Sauran duk wa'adinsu ya wuce, kayan sun tafi. Ta kie ce kaɗai da rai, saura kwana tara, dala dubu biyu da ɗari takwas da tamanin. Gwaggo ta nisanta takardar daga idonta ta karanta a hankali, bakinta yana motsi.

Na ce, "Zan kira Sefita yau. In na faɗa wa dangi da matan coci, kafin Laraba an haɗa kuɗin. Ba za su bari kie ɗinki ta tafi ba."

Gaskiya na faɗa, kuma mu biyun mun san gaskiya ce. Mutanenmu ba sa barin irin wannan ta faɗa hannun bare. Amma mun san ɗayar gaskiyar ma. Za a haɗa kuɗin, sannan a yi shekara ashirin ana ba da labarin Lesieli da ta tsiyace har ta saci likkafanin fahu. Ba mai sake ba ni ajiyar ko cokali, kuma duk ranar da aka zo neman auren 'ya'yana sai wata ta tuna.

Gwaggo ta ninke takardar biyu, ta buɗe jakarta. Ta ce, "Wace ce ni a gidan nan?"

"Fahu ce."

"Abin da na ɗauka fa?"

"Naki ne."

"To na ɗauki wannan." Ta jefa ta ciki ta ja zif. "Ba ruwanki da ita kuma. Ba Sefita, ba matan coci. In na ji maganar a bakin wani, ke kika faɗa, kuma ba ni ba ke. Kawo shayin nan, ya huce ko?"

Abin da ba na iya gaya wa kowa shi ne abin da na ji a lokacin. Sanyi na ji. Wani sanyi ya sauka mini tun daga wuya har cikin ciki, irin na wanda aka sauke wa kaya. Tsohuwa ta miƙa likkafaninta don a rufa mini asiri, ni kuma zuciyata murna take. Na yi kuka, na ce a'a Gwaggo, a'a, amma ban ce da ƙarfin da zai sa ta canja ba, kuma na san daidai inda na tsayar da muryata.

Kwana taran nan waya tana aljihuna. Umarninta ba ɗaure mini hannu ya yi ba, sau nawa na saɓa mata a kan abin da bai kai wannan ba. Ranar Talata na nemo lambar Sefita ina zaune a mota a bakin wurin aiki, na kalle ta har lokacin shiga ya yi. Ranar Alhamis albashi ya shigo, na ce ko in kai wa Fane duka in roƙi ƙarin wata, sai na tuna Juma'a Narelle za ta zo cin nata. Na bar mata ta ci. Ranar Litinin da wa'adi ya cika na yi wa tsofaffi shida wanka, na share wa wata baki, na dawo gida na dafa shinkafa.

Bayan wata biyu kie ta fito a wani aure a Blacktown, a ƙugun amaryar wasu mutanen tsibirin Vava'u da ba mu haɗa komai da su ba. Matan cocinmu suka gane ta da baƙin zaren kusurwa. Ranar Lahadi bayan an tashi suka kewaye Gwaggo a bakin ƙofa, Seini 'yar wan babana a gaba, ita da ba a rufe tukunya ba ta leƙa ba.

"Gwaggo, idona ne ko kuwa? Kamar kie ɗinki na gani jiya a jikin bare."

"Idonki ƙalau. Na karɓo kayana wurin Lesieli na sayar."

"Kika sayar? Da me ya yi zafi?"

"Cacar bingo. Na ce ko zan ci babbar, ta ƙi zuwa. Kayana ne ko na uwarki?"

Kowa ya san Gwaggo tana zuwa bingo ran Talata da dala gomanta, ta sha shayin kyauta ta dawo. Shi ya sa ƙaryar ta zauna daram. Ina tsaye taku uku daga wurin, riƙe da littafin waƙoƙi. Seini ta juyo ta ce, "Ke kuma kika ba ta?" Na ce, "Wa zai hana fahu kayanta?" Gwaggo ko kallona ba ta yi ba. Daga ranar aka daina kiranta in za a shirya kayan aure ko na rasuwa, ita da a da ba a ninke tabarma sai ta duba. Ta ci gaba da zuwa gidana duk Asabar ta biyu, ta ci abinci, ta zagi girkina, ta ɗauki abin da ta ga dama. Maganar ba ta sake haɗa mu ba ko sau ɗaya.

Ta rasu a watan Maris na shekarar da ta biyo, saura mini biya goma sha ɗaya. A rasuwar gwaggo, mu 'ya'yan ƙannenta mu ne na ƙasa. Ba ma zama kusa da gawa. Mukan ɗaura tsofaffin tabarmi yagaggu tun daga ƙirji har ƙasa, mu saki gashi, mu tare a kicin muna hidima. Ban taɓa sa tufar da ta dace da ni kamar wannan ba. Daga tagar kicin na ga an wuce da abin da za a naɗe ta: ɗaya daga tabarmi huɗun da suka rage, mai kaushi, irin wadda ake shimfiɗa wa baƙi.

Muna fere doya da rogo mu bakwai sai Seini ta shigo da jakar Gwaggo, ita aka sa ta kwashe kayan ɗakin. Ta ce, "Ku zo ku ga abin mamaki. Ashe ma ba sayarwa ta yi ba, jingina ta kai wurin Fane ta kasa fansa."

Ta ɗaga takardar. Na gane ninkin. Wuƙar ta tsaya a hannuna, na ce yau dai ramin ƙarya ya ƙure. Seini ta buɗe ta, ta juya ta ga haske. A saman, inda Fane ta rubuta sunana, akwai 'yar taga mai kusurwa huɗu. An bi layin da almakashi a hankali an cire sunan, ko harafi ɗaya ba a bari ba.

"Kun ga tsohuwa da wayo," in ji Seini. "Ta ji kunya ta yanke sunanta, sai ka ce ba mu san ta wace ce ba. Ta cinye likkafaninta a bingo, ta bar mana rasit."

Kicin ya ɗauki dariya, irin dariyar gidan rasuwa da ake yi ƙasa-ƙasa ana share ido. Wata ta ce Allah Ya jiƙan Kalo, ba ta da dama. Seini ta dafa kafaɗata tana dariya tana jiran tawa, don kowa ya san ni ce 'yar gaban goshinta. Bakina a buɗe yake, maganar tana kan harshena, kalma huɗu ce kawai: sunana ne a wurin.

Na yi dariya tare da su. Sannan na sunkuya na ci gaba da fere doyar.